Tsaga Shida a Jikin Bindigar Saja

Ranar Alhamis da hantsi Mama Zipora ta kwance tsumman da take naɗe bindigar mijinta, ta ga abin da ya zaunar da ita a bakin gado ba shiri. Bindigar ta yi baƙi wuluk, sai sheƙi take kamar takalmin fasto ranar Kirsimeti. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta bi gefenta da babban yatsa. Sumul. Ko tsaga ɗaya babu.

"Nelson! Kai, Nelson!"

Nelson babban ɗanta ne, hedimasta a wata firamare a Kafanchan. Ya zo gida Fadan Kaje ne saboda sujadar cika shekara ɗaya da rasuwar ubansu, Saja Leonard, wadda za a yi ranar Asabar. Ya leƙo da kofin shayi a hannu, yana ganin bindigar ya washe baki.

"A'a, Mama, kin riga ni. Na so sai ranar in nuna miki. Ba ta yi kyau ba?"

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni na kai aka gyara. A kan tebur fa za a sa ta kusa da hoton Baba, a gaban Rabaran da baƙi daga Kaduna. Malaman makarantarmu ma za su zo. Kin ga yadda take a da? Duk karce, duk tabo, kamar abin da aka tsinto a bola."

"Ina tsagogin?"

"Waɗancan layukan? Ai su ne suka fi ɓata ta."

Mama Zipora ta dube shi tun daga sanƙonsa har silifas ɗinsa. Shekara arba'in da bakwai, ga tabarau, ga tumbi, ga yara ɗari huɗu suna ce masa "sa".

"Karatun nan da ka yi, Nelson, da kai ka yi shi ko da gwiwa?"

Bindigar ƙarama ce, irin ta hannu. Kakan su Nelson ne ya dawo da ita daga yaƙin Bama, tun zamanin Turawa. Ba ta harbi. Tun kafin Zipora ta shigo gidan aka narka dalma aka toshe bakinta, takardar hakan tana nan a tsakiyar Littafi Mai Tsarki na Saja. Amma a gidan nan tana da aikinta. Duk sanda aka haifa wa tsohon ɗa, sai ya ɗauki ƙusa ya ja tsaga ɗaya a gefen hagu. Tsaga uku ya bari. Da ta zo hannun Saja, shi kuma ya ɗauki gefen dama: Nelson, Hellen, Miriyam da ƙyanda ta ɗauke, Christopher, Jacinta. Biyar ke nan. Ta shida ita ce ta Luke, auta.

An haifi Luke bayan an tura Saja Laberiya. Ƙanen Saja, Azariya, ya zauna ya ƙirga watanni da yatsu, ya bi gari da lissafinsa. Da Saja ya dawo maganar ta riga shi isowa tasha. Bai tambayi matarsa komai ba. Ya ɗora yaron a cinya, ya tara dattawan gidan, ya ja ta shida a gabansu, ya danna ƙusar har ta lanƙwashe. Daga ranar babu wanda ya ƙara buɗe baki, shekara talatin da uku.

Saja na kwantawa a ƙasa, bakin Azariya ya dawo. Ranar Asabar bayan sujada za a raba gonar citta tsakanin 'ya'ya maza, kuma Azariya ya ce gida biyu za a raba, Nelson da Christopher, Luke ya nemi gonar ubansa. Luke ɗin da shi kaɗai ya zauna a ƙauye yana noman gonar tun yana ɗan shekara goma sha biyar, da mata da 'ya'ya uku da ke ci daga cikinta. Cikin dattawan da suka ga an ja tsagar, Baba Didam kaɗai ya rage, shi ma ido ya tafi. Abin da ya faɗa ɗaya ne: a kawo masa bindigar ya taɓa da hannunsa, abin da yatsansa ya ƙirga shi za a bi.

"Mama, ni ban yi tunanin..."

"Na gani ai. Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Baba Azariya dai ya ce abin kunya ne a fitar da ita haka. Shi ma ya kwatanta mini mai fentin."

Mama Zipora ta zuba masa ido tana jira maganar da ya faɗa da bakinsa ta isa kunnensa. Ta daɗe kafin ta isa. Da ta isa, ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Yesu."

"Kada ka kira Shi. Ba Shi ya kai ta ba. Ɗauko mukullin motarka."

Ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta jefa bindigar a jakar leda tare da 'yar guntuwar tsintsiya da take share cikin mota da ita, domin motar Nelson kullum cike take da ɓawon gyaɗa. Tun daga Fadan Kaje har Kafanchan sau ɗaya ta yi masa magana, da ya rage gudu saboda rami, ta ce, "Taka. Motar ma an yi mata fenti, ba abin da zai same ta."

Rumfar mai fentin tana bayan layin dogo, tsakanin mai faci da mai walda. Sunansa Kevin, dogo, girarsa duk feshin shuɗin fenti. Yana tsugune yana goge tankin wani babur, mai babur ɗin na zaune a kan benci yana cin rake.

"Mama, sannu da zuwa. Mota ce ko mashin?"

Ta zaro bindigar daga leda. Mai rake ya bar bencin da rakensa, sai ga shi bayan duro.

"Fito, ɗana, ba ta harbi," in ji ta. "Da tana harbi da tun a gida na fara."

Kevin ya miƙe yana dariya. "A'a, aikina ne wannan! Oga Tica, ka kawo Mama ta yi godiya? Shafi uku na yi mata. Mama, duba, za ki ga fuskarki a ciki."

"Na san fuskata. Mayar mini da tsagogina."

"Na'am?"

"Tara ne. Uku a hagu, shida a dama. Haka aka kawo maka ita, haka zan tafi da ita."

Kevin ya dubi Nelson, Nelson ya dubi rufin kwano. Mai rake ya leƙo daga bayan duro don kada labari ya wuce shi.

"Mama, shekara goma sha biyu ina wannan aiki. Kullum mutane karce suke kawo mini in ɓatar. Wani in ƙuda ya sauka a kan tankinsa sai ya dawo. Yau na fara ganin wanda ya zo neman karcensa. Bindigar nan da aka kawo ta, ni kaina na ji tausayinta. Kamar kaji sun yi tono a kanta."

"Kajin sun haifi hedimastan da ke tsaye a gabanka."

Nelson ne ya yi bayani, a gajarce, yana goge zufa: tsagogi, gona, ranar Asabar, tsoho makaho. Kevin ya saurara, ya gyaɗa kai, fuskarsa ta washe kamar wanda aka kawo wa ƙaramin aiki.

"Wannan ne kawai? Ai da sauƙi." Ya tsinci ƙusa a ƙasa. "Nawa kika ce, shida? In kina so in yi bakwai, ko akwai jika."

Ta buge hannunsa, ƙusar ta faɗa kwata.

"Hannunka ne hannun Saja? Kana nan aka haife su? Ka ga zanen da ke jikina? Shekara talatin ina cikin zumunta, ban taɓa tsayawa gaban dattawa da ƙarya ba, ba kuma zan fara a kan ɗan da na san ubansa ba. Na Saja nake so. Waɗanda ya ja."

"To Mama, wannan kam..." Kevin ya buɗe hannuwa.

Nelson ya zauna a kan bencin ya dafe kai. "Ba za su dawo ba, Mama. Ni na ce masa ya sa inji ya goge har ƙasa, kada alama ta rage. Na maimaita masa sau biyu."

Mama Zipora ta tsaya riƙe da bindigar. Ta tuna Luke da ta baro da safe yana gyaran kunya a gonar, bai san komai ba, ya ɗaga mata hannu da fartanya. Ta tuna yadda yake sunkuyar da kai duk sanda Azariya ya shigo gidan. Ta juya ga Kevin don ta sauke masa abin da ke cikinta, sai ta ga yana sosa ƙeya yana kallon yatsun ƙafarsa. 'Ya'ya shida ta haifa, ta san irin wannan susar.

"Kai. Dube ni. Ka goge ko ba ka goge ba?"

"Na... ai aikin ya yi kyau."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Mama, ranar ba wuta. Kwana biyu ba wuta. Oga Tica kuma yana ta kira. To kin san yadda muke yi wa ƙofar mota in ta lotsa..." Ya nuna wani gwangwani mai farin ƙulli a ciki. "Fila na shafa. Na cike ramukan, na bi da samfefa, takardar nan mai kaushi, a sama kaɗan, na fesa."

Nelson ya yi tsalle ya miƙe. "Fila? Na ce ka goge, ka ce mini ka goge! Wannan ai ha'inci ne! Haka kuke yi wa mutane a garin nan?"

"Rufe mini baki," in ji uwarsa. "Zauna. Tunda aka haife ni yau ne ha'incin wani ya yi mini rana, kai kuma kana neman ka kai ƙara. Suna ƙarƙashi ke nan?"

"Suna nan," in ji Kevin. "Sai dai fila in ta bushe dutse ce. Ko da yake..." Ya karɓi bindigar ya kai hanci. "Ta ba ni wahala ranar. Na goge, na goge, mai na ta fitowa daga jikinta. Fila ba ta son mai, ba ta kama shi da kyau. Wane ne yake zuba mata mai haka?"

"Ni. Man keken ɗinki, duk Lahadi in an taso daga sujada. Saja ya yi shekara arba'in yana yi, na karɓa."

"To Mama, wataƙila kin ceci kanki."

Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai hawa kai da suke wanke fenti da shi, ya fara murzawa. Baƙin ya narke yana bin yatsunsa. Yana yi yana tsaki. "Shafi uku. Kai, duniya. Ko hoto ban ɗauka ba." Da fentin ya tafi sai ga ƙarfen na da, toka-toka, da lotsawar nan ta kusa da kunama inda ta taɓa faɗowa daga saman kabad, da goguwar bakinta inda kube ya cinye. Ga kuma fararen layuka, uku nan, shida can, fila ta cike su dam.

"Ga su nan!" in ji Nelson. "Har sun fi fitowa. Shi ke nan, mu tafi."

"Baba Didam da ido zai gani?"

Nelson ya koma ya zauna.

Kevin ya ɗauko wata 'yar wuƙa. Ta ce kada ƙarfe ya taɓa ta. Ta zaro tsinke daga tsintsiyarta, ta zauna a kan bencin mai rake, ta ɗora bindigar a cinya, ta fara tono daga bakin tsaga ta farko. Tsinke uku suka karye kafin farin abin ya ɗago, siriri kamar ƙayar kifi, ya faɗo. Ta hure wurin.

"Nelson," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Ga ka nan. Ban san me ya sa na fara da kai ba."

Aikin ya ci rana. Hadari ya taso ya watse. Mai rake ya karɓi babur ɗinsa amma ya ƙi tafiya. Ta gama na hagu, ta fitar da Hellen, ta fitar da Miriyam, a nan ta ɗan dakata ta share hanci da gefen zane, ta ci gaba. Ta shida ce ta ƙi. Ta fi sauran zurfi, fila ta shige can ciki ta zauna. Idonta ya fara ruwa saboda warin tina, ta ajiye bindigar a kan benci ta je bakin duro ta wanke fuska.

Ba ta yi minti biyu ba. Tana juyowa ta ji ƙiii, ta ji Kevin ya ce, "Oga Tica!"

Nelson na tsaye da reza a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya. Ya so ya taimaka. Filar ta fita kam, tsagar Luke ta buɗe tas. Amma rezar ta zame, ta ja sabon layi a gefenta, siriri, fari fat, yana ƙyalli.

Mama Zipora ba ta yi ihu ba. Ihun ya ƙare. Ta karɓi bindigar, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Bakwai.

"Mama, sori. Na ga kin gaji ne."

"Na gaji tun ranar da aka yaye ka."

"Bari in ɗan bi ta da samfefa," in ji Kevin. "Ba zurfi gare ta ba."

"Ka bi ta, ka bi ta Luke tare? Ba mai ƙara gyara mini komai. Duk wanda ya ce zai gyara, ɓarna yake yi." Ta naɗe ta a tsumma. "Haka za ta je."

Ranar Asabar aka sa ta a kan tebur kusa da hoton Saja, da tabonta da komai. Malaman makarantar Nelson suka zo, suka ci shinkafa, babu wanda ya ko kalle ta sau biyu. Da baƙi suka watse, maza suka koma gindin mangwaro. Baba Didam na kan kujerar katako, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Luke ya rakuɓe can baya a kan turmi. Mama Zipora ba a kira ta ba, ta jawo kujerarta ta zauna.

Azariya ya ga bindigar tun a sujada, kuma tun lokacin bai ci abinci ba. Duk da haka ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Matarmu, an ce kin je Kafanchan shekaranjiya."

"Na je. Mai fentinka yana gaishe ka."

Aka sa wa Baba Didam bindigar a hannu. Ya lalubi gefen dama, ya kafa farcen babban yatsa, ya fara ja a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Ɗaya. Biyu. Uku, Allah Ya ji ƙanta. Huɗu. Biyar." Farcen ya faɗa cikin mai zurfin. "Shida." Ya matsa gaba, ya tsaya. "Bakwai?"

"Kun ji!" Azariya ya miƙe. "Bakwai! Yaushe Leonard ya haifi bakwai? An kai ta Kafanchan an yi ta zane a kai. Wanda ya ja ta bakwai shi ya ja ta shida. Wannan ba shaida ba ce, allon 'yan makaranta ne."

"Ta bakwai ni na yi, Baba," in ji Nelson, murya ƙasa-ƙasa. "Shekaranjiya. Da reza. Kuskure ne."

"Yi mini shiru in ji da hannuna," in ji tsohon.

Ya koma kan ta bakwai, ya bi ta da tsokar yatsa, ya janye da sauri ya kai baki ya tsotsa. Ya koma kan ta shida, ya bi ta sama da ƙasa, sama da ƙasa, ya daɗe.

"Wannan ta ƙarshen tana cizo. Jaririya ce, bakinta da kaifi. Wannan kuwa bakinta ya lashe, hannu ya daɗe yana bin ta. Ga ma inda ƙusar ta lanƙwashe ta kauce, ina zaune a wurin. Azariya, kai ma kana zaune."

Azariya ya ce, "Baba, ƙarfe ne fa. Karce ne kawai a jikin ƙarfe. A kan karce za a raba gona?"

Mama Zipora ta miƙe. An ce mata ba sa magana a nan, ta ji, ta daɗe da ji.

"Baba, juya ta. Taɓa ta uku a hagu, wadda tsoho ya ja ranar da aka haifi Azariyan nan. In karce ba komai ba ne, sai ya faɗa mana a kan me ya gaji fadamar da yake nomawa."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baba Didam bai juya bindigar ba. Ya miƙa ta gaba, cikin iska.

"Luke, zo ka karɓa ka kai wa uwarka. Gona gida uku. Gobe bayan sujada a kai igiya a auna."

Luke ya taso, ya karɓa da hannu biyu. Bai taɓa riƙe ta ba sai ranar. Ya tsaya yana kallon gefen dama har sai da uwarsa ta ce, "Kawo nan, kada kai ma ka yi mata wani abu."

Da yamma tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɗiga mata man keke, Nelson ya zo ya tsuguna.

"Mama, yanzu da aka gama, wannan ta bakwai ɗin... in aka samu samfefa mai laushi..."

Ta naɗe tsumman, ta ƙulle, ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Tana nan. Taka ce, ka samu biyu. Duk jikan da ya tambaya, kai za ka ba shi labari."